Daga Gadarif zuwa Alƙahira ta Wadi Halfa: layin fasfo, layin biza, layin iƙama (izinin zama)

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawanmu a Gadarif, gabashin Sudan, ya ji ana cewa tsakanin Sudan da Masar babu shamaki, domin akwai yarjejeniyar da ake kira hurriyat arba'a: 'yancin shiga da fita, na zama, na aiki, da na mallakar dukiya. Yarjejeniyar tana nan, a 2004 aka sa mata hannu, zamanin Umar al-Bashir da Husni Mubarak. Da ita a ka muka fara shirin kai ƙanen mahaifina, Baba Ƙarami, asibiti a Alƙahira a watan Oktoban 2023, kuma ita ce ta fara ɓata mana lissafi. Abin da kowa ya sani a da shi ne mata, da yaran da ba su kai shekara 16 ba, da mazan da suka haura 50, ba sa neman biza. Baba ya ba sittin baya, sai muka ɗauka ni kaɗai zan shiga layi. Ashe tun ranar 10 ga Yunin 2023, ƙasa da wata biyu da ɓarkewar yaƙin 15 ga Afrilu tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, Masar ta ce kowane ɗan Sudan, namiji ko mace, tsoho ko jinjiri, sai da biza, hujjarta kuwa yawaitar jabun biza a kan iyaka. A wannan tsakanin ne kuma aka daina karɓar takardar tafiya ta gaggawa, da fasfon da aka tsawaita wa kwana da hannu, da yaron da aka liƙa sunansa a fasfon uwarsa ko ubansa. Kowa da littafinsa, kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida a kansa. Fasfon Baba ya mutu tuni, nawa saura wata biyar. Ka ga mu biyu ke nan, tun daga tushe.

Tushen kuwa ba fasfo ba ne, lambar ɗan ƙasa ce, raƙam waɗani. Ba a buɗe maka fayil na jawaz, wato fasfo, in ba ta. Mu biyu muna da ita tun kafin yaƙi, wannan ya rage mana rabin wahala. Wanda ba shi da ita zai nemi takardar haihuwa, in babu sai shahadat tasnin, wadda likita ke ƙiyasta shekarun mutum a kai, sannan ya kawo shaida daga asaba, wato dangin uba: uba, ko baffa, ko ɗan baffa mai lambarsa a hannu. Kawu ba ya tsaya maka a nan, komai kusancinku. Mu Hausawa mun san wannan tambaya ta "kakanka a ina aka haife shi" fiye da kowa. Tsohuwar dokar zama ɗan ƙasa ta nemi zuriyar mutum ta kasance a Sudan tun ƙarshen 1897, alhali yawancin kakanninmu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka iso, wasu tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wasu a kan hanyar Makka suka yada zango. Dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairun 1956, ranar 'yancin kai, don haka a shari'a magana ta ƙare. A aikace, ka tafi da tsohuwar jinsiyyar mahaifinka ko ta kakanka, wato takardar shaidar ɗan ƙasa, in tana cikin adaka, ko da ta yi ja ta yayyage. Tana rufe baki da wuri.

Injin buga fasfo a Khartum yake, yaƙi ya rutsa da shi, sai a ƙarshen Agustan 2023 aka buɗe wani a Bur Sudan. Can muka nufa. Daga Gadarif a bi ta Kasala da Haya, tafiyar yini ce cur in aka fita da asuba, kuma abin da ke cin lokaci ba nisan ba ne, irtikaz ne, shingayen bincike. A kowanne a sauko, a nuna shaida, wani lokaci a buɗe jaka. Ka sa takardunka a aljihun gaba, kada ka binne su a ƙasan kaya a saman mota. Kuɗin fasfo a lokacin jinen Sudan dubu 120 ne ga babba, dubu 75 ga yaro. Ba a miƙa wa kowa kuɗi a hannu, ana biya ne a karɓi rasidin gwamnati da ake kira urnik 15, kuma rasidin nan shi ne ranka har ranar karɓa, ka yi masa hoto a waya ka kuma buga kwafi biyu. Matakan uku ne: a duba lambarka a kwamfuta, ka biya, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Kowane mataki da layinsa, layin kuma yakan tsaya cik in shabaka, wato intanet, ta ɗauke, ba wanda zai ce maka yaushe za ta dawo. Akwai tagar tsofaffi da marasa lafiya, amma sai ka tambaya ka nuna takardar likita, ba a kiran mutum. Mu ranar farko a rana muka ƙone a banza don ba mu sani ba. Kwana uku muka yi kafin a ɗauke mu hoto, littattafan suka fito bayan mako uku.

A cikin makonnin nan uku ya kamata mutum ya gama sauran takardu, kada ya zauna yana ƙirga kwana. Na farko katin rigakafin shawara, kartul humma safra, wanda ba ya aiki sai allurar ta kwana goma a jiki, don haka shi ake fara yi. Na biyu, ga mai tafiya jinya, rahoton likita da kwamitin likitoci, gomsiyon, ya buga wa hatimi, a rubuta ciwon, a rubuta cewa yana buƙatar murafiƙ, mai rakiya, a kuma sa sunan mai rakiyar. A nan muka yi tuntuɓe. Sunan mutum a takardun Sudan huɗu ne a jere, nasa, na uba, na kaka, na kakan uba. A lambar Baba an rubuta sunan kakansa Abakar, yadda ake faɗa a nan, wanda ya cika rahoton kuma ya gyara masa shi zuwa Abubakar, a ganinsa alheri ya yi. Harafi biyu ne a rubutun Larabci, amma ga mai duba takarda mutum biyu ne. Sai da aka sake rahoton daga farko, kwana biyar suka tafi. Sunayenmu suna da wannan tarko da yawa: Usman da Usumanu, Muhammad da Mamman, Haruna da Harun. Abin da ke jikin raƙam waɗani shi za a kwafa baƙi da baƙi, ko da kai ka san kuskure ne. Ka kuma wanke hotuna takwas masu farin bango, za su ƙare.

A lokacin Masar tana ba da biza a wurare biyu, Bur Sudan da Wadi Halfa, kuma bizar kanta kyauta ce ga ɗan Sudan. Akwai hanya ta uku, muwafaƙa amniyya, amincewar jami'an tsaron Masar da kamfanonin tafiye-tafiye ke nemo wa mutum ya hau jirgi kai tsaye. Tana da sauri amma da dala ake biya, kuma kuɗin mutum biyu ya fi abin da muka tanada na jinyar gaba ɗaya. Muka zaɓi Halfa, bisa lissafin cewa duk ranar da biza ta fito iyaka tana kusa, ga kuma tsadar ɗaki a Bur Sudan, tunda a lokacin gwamnati da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji duk sun tare a can. Garin ya zama abin da kowa ke zawarci. Tun 2017 Bashir ya tayar da maganar ba Rasha sansanin jiragen ruwa a wannan gaɓa, a 2020 Mosko ta fitar da daftarin: shekara 25, jirage huɗu, mutum 300. Amurka ba ta so, Masar da Saudiyya ma ba sa marmarin baƙon soja a Bahar Maliya, maganar tana ta tashi tana kwanciya. Tsallaken ruwan kuma Jidda ce, inda Saudiyya da Amurka suka zaunar da sojan Sudan da RSF suka sa hannu ranar 11 ga Mayun 2023 kan kare farar hula, takardar da ba ta hana ko harsashi ɗaya fita ba. Wannan duk ya shafi mai neman biza, domin muddin ba a tsagaita wuta ba, layin ba ya raguwa, ƙofar kuma ƙara tsukewa take yi.

Hanyar Halfa daga Bur Sudan ta Haya take komawa, sai Atbara, a ratsa hamadar Bayuda zuwa Marawi, sai Dungula, sannan kimanin kilomita 400 ta gabashin Nilu. Kwana biyu ne, da kwana ɗaya a Atbara ko Dungula. Ga mai ciwo, a saya masa kujera biyu in da hali, a kuma riƙe maganinsa a jiki. Da muka wuce Marawi wani fasinja ya nuna mana wajen filin jirgin da aka kama sojojin Masar a ranakun farko na yaƙi, waɗanda suka zo atisayen haɗin gwiwa da sojan Sudan, daga baya aka mayar da su gida. Masar tana tare da rundunar soja, wannan ba ɓoyayye ba ne, ita ce ma ta tara shugabannin ƙasashen da ke maƙwabtaka da Sudan a Alƙahira ranar 13 ga Yulin 2023. Amma zumuncin gwamnati da gwamnati daban, buɗe wa talaka ƙofa daban. Mutane da yawa a motar nan sun haɗa biyun, sun zaci tunda janar-janar suna gaisawa, su ma za a ce musu marhaba.

Halfa ƙaramin gari ne da aka yi don masu wucewa, ya wayi gari da dubban masu zama. Lokanda, wato masaukin baƙi, ta cika, makarantu da masallatai sun cika, angarib ɗaya, gadon igiya, a tsakar gida ana haya da shi kamar ɗaki. Mu wani Alhaji mutumin Maiwurno, mai sayar da kayan miya a kasuwa, ya ji muna Hausa ya ce, "Ɗana, ka kawo Malam ya kwanta a rakubata, sanyin nan ba na tsoho ba ne." Gaskiya ya faɗa, sanyin Disamba a Halfa yana shiga ƙashi, a taho da bargo. Tsarin layin biza kuwa ba a rubuce yake a ko'ina ba. Masu jira ne da kansu suka kafa kwamiti suna riƙe da kashf, jerin sunaye a littafin makaranta mai layi-layi, na maza daban, na mata daban, na marasa lafiya da ɗalibai daban. Kafin a kira assalatu mutane sun taru, wani saurayi ya hau kan bulo da fitilar waya a baki yana buɗe shafi, yana kiran lamba, wanda aka kira bai amsa ba a ja masa layi. Ranar farko aikinka ka gano wa ke riƙe da kashf ɗin da ya dace da kai, ka sa suna, ka rubuta lambarka a tafin hannu da kuma waya. In lambarka ta zo, ka miƙa fasfo, kwafinsa, hotuna, katin shawara da rahoton likita, fayil ɗin mai rakiya a maƙale da na majinyaci. Kada a raba su. Wanda ya miƙa nasa daban ya faɗa layin maza matasa, wanda ya fi kowane tsawo, domin su ake yi wa binciken tsaro mai zurfi, wasu sun yi wata uku suna jira. Daga nan fasfo yana ciki, kai kana waje, kullum da la'asar a zo a ji sunayen da suka fito.

A kwana na goma wani samsar, wato dillali, ya same ni a wurin mai shayi, da tsabtatacciyar jallabiya, ya ce yana da mutum a ciki, kwana uku biza ta fito. Na ba shi dala ɗari biyu rabin kuɗi. Ban ƙara ganinsa ba, lambarsa kuma ta mutu. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Kai da ka yi boko ma ke nan." Na ci sa'a kuɗi kawai ya ci, domin fasfonmu yana ciki. Waɗanda suka ba irinsu littafinsu, wasu an dawo musu da shi da hatimin jabu, a kan iyaka aka gane, fasfon da tafiyar duka suka lalace. Akwai kuma masu tahrib, da ke kwasar mutane a bayan boksi, motar a-kori-kura, su ratsa hamada ta wuraren haƙar zinariya zuwa gefen Aswan. Ana ɗaure mutane da igiya don kada su faɗo, mota ba ta tsayawa. A zafin Yunin 2024 mutane da dama sun mutu a wannan hanya, wanda ya isa kuma ba shi da hatimin shiga, kowane lokaci ana iya kama shi a mayar. Ga mai dattijo ko mai jinya wannan ba abin tattaunawa ba ne.

Ranar 18 ga Disamba labari ya zo cewa birnin Madani ya faɗa hannun RSF, cikin kwanaki Halfa ya ƙara cika, farashin ful da burodi ya tashi. A zaman jiran nan ne na fahimci ƙofar da muke tsaye a bakinta, yawanci daga bakin tsofaffin Halfa. Iyakar kanta Turawan Ingila ne suka ja ta a 1899 a kan layi na 22, lokacin da suka ce su da Masar ke mulkin Sudan tare, a 1902 suka sake jan wani layin na gudanarwa, bambancin layukan biyu shi ne rigimar Halayib har yau. Garin da muke ciki ma ba shi ne Halfa na asali ba. Bayan yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959, wadda ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5, Sudan 18.5, madatsar Aswan ta shanye tsohon garin, aka kwashe mutane wajen dubu 50 zuwa Sabuwar Halfa a Khashm al-Girba, kusa da mu can gabas. Daga nan ƙofa ta riƙa buɗewa da rufewa gwargwadon yadda shugabanni suka kwana. Numairi, shugaban Sudan na lokacin, ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Sadat na Masar a 1976, ya yi takamul, wato yarjejeniyar haɗe kai, da Mubarak a 1982, har da majalisar Kwarin Nilu, mutane suna wucewa da kati kawai. A Yunin 1995 aka kai wa Mubarak hari a Adis Ababa, Masar ta zargi Khartum, gatan ya tafi. A 2004 aka dawo da 'yanci huɗu, Sudan ta aiwatar, Masar ta riƙe biza a kan maza matasa. A 2017 da dangantaka ta yi tsami, Sudan ma ta ɗora wa mazan Masar biza. Ko madatsar Habasha tana cikin lissafin, domin Alƙahira tana son Khartum a gefenta a wannan jayayya. 'Yan'uwanmu na yamma kada su ce abin na Larabawa ne: ECOWAS ta ba da kwana 90 ba biza tun 1979, amma da aka yi juyin mulki a Yamai a Yulin 2023, an rufe tsakanin Katsina da Maraɗi wata bakwai da ɗoriya, uwa a nan 'ya a can.

Sunayenmu sun fito a kwana na 26. Kafin ka bar wurin ka buɗe fasfon ka duba abu uku: sunan, lambar fasfon da aka rubuta a bizar, da ranar da za ta daina aiki, domin tana da wa'adin shiga. Sai a lokacin za ka sayi tikiti. Waɗanda suka saya tun da wuri don gudun tashin farashi sun yi asara, motar ba ta jiran biza. Mashiga biyu ce. Argin tana yammacin kogi, ta Dungula ake zuwa mata, babu tsallaka ruwa. Ashkit tana gabas, tafiyar kamar rabin awa daga Halfa, ita aka buɗe a 2014, ɓangaren Masar kuma ana kiran shi Ƙustul. Wanda ya karɓi biza a Halfa, Ashkit ce tasa. A ɓangaren Sudan a biya kuɗin fita a karɓi rasidi, a buga hatimi, kwastan su duba kaya. Ka riƙe tsabar jine ƙanana, domin a nan Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ba ta da tabbas, layin waya yana zuwa yana tafiya.

A Ƙustul aka sauke kaya duka aka bi da su ta na'ura. Ma'aikatan lafiya suka duba katin shawara, suka ɗiga mana maganin shan inna a baki, manya da yara, wanda ke da zazzaɓi a gwada shi maleriya. Sai wakilin motar ya tattara fasfon fasinjoji duka, ya ɗaure da roba kamar damin kuɗi, ya shige da su. Daga nan babu abin yi sai zama a inuwar mota. Mun shiga da hantsi, fasfo ya dawo bayan isha'i, bantun ɗin da ke tsallakar da motoci kuwa ya tashi aiki, muka kwana a wurin. Don haka a taho da ruwa, dabino, burodi da bargo na kwana guda ko da an ce maka yau za ka isa. Dokar kuɗi a sani: kuɗin waje da ya haura dala dubu 10 sai an bayyana, jinen Masar kuma ba a shiga da fiye da dubu 5. Magunguna su kasance cikin kwalinsu tare da takardar likita, musamman masu kashe zafi. Da safe motar ta hau bantun, kimanin awa ɗaya a kan tafkin da Masar ke kira Nasir mu muke kira Nuba, aka sauka Abu Simbel, sai kilomita wajen 280 zuwa tashar Karkar a bakin Aswan. Daga Aswan jirgin ƙasa ya fi wa majinyaci, awa goma sha uku zuwa sha huɗu, yana iya miƙe ƙafa ya shiga bayi. Layin waya da fasfo ake saye, ka saya a shagon kamfanin, na hannun masu talla yakan mutu bayan kwanaki.

Hatimin shiga ba iƙama ba ne. Ka karanta abin da aka rubuta a kai, ka san ranar da zai ƙare, ka fara neman iƙama wata guda kafin nan. A Alƙahira ofishin yana Abbasiyya. Ana neman fasfo da kwafin shafin hoto da na hatimin shiga, hotuna, takardar hayar gida da aka tabbatar a shahrul aƙari, ofishin rajistar kadarori, da rasidin wutar gidan. Takardar hayar ce ke kayar da mutane. Yawancinmu a Faisal ko Ardul Liwa ko Sitta Oktoba muke sauka, a ɗakin da wani ya kama, sunanka ba ya kan komai, mai gida kuma ba kowane ke yarda ya je a tabbatar ba don gudun haraji. Ka yi wannan magana da shi kafin ka ba da kuɗin ajiya. Sannan a ƙarshen Agustan 2023 aka fitar da umarnin firaministan Masar mai lamba 3326: kuɗin iƙama sai ka canza dala ko wani kuɗin waje a banki ka kawo rasidin, wanda kuma ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya biya dala dubu ya kawo ɗan ƙasa mai masaukinsa. Lokacin banki yana sayen dala kusan jine 31 na Masar, kasuwar bayan fage ta ninka haka, har sai da aka saki farashin ranar 6 ga Maris 2024. Wanda ya canza kuɗinsa duka a waje saboda riba ya koma neman dala da tsada don ya samu rasidin. Ka ware ta iƙama tun daga gida. Mun je da asuba muka karɓi lamba, aka ɗauki yatsu, aka ba mu ranar dawowa. Ɗaliban Azhar 'yan Najeriya da Nijar da ke Madinat Nasr sun san tagogin nan ɗaya bayan ɗaya, ɗayansu ne ya raka mu, ko shayi bai yarda na saya masa ba.

Za ka ji ana ta maganar katin rawaya, kada ka rikita shi da na shawara. Wannan na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ne, mufawwadiyya, da ke Sitta Oktoba, ana ba mai neman mafaka bayan ya yi rajista ya jira ranar ganawa. Yana kare mutum daga a mayar da shi, ana kuma samun iƙama a kansa. Amma wanda ya zo jinya da niyyar komawa ya yi tunani, domin in zai koma sai ya rufe fayil, wannan ma layi ne. Mu ba mu yi ba. A Disamban 2024 Masar ta yi dokarta ta mafaka wadda za ta mayar da wannan aiki hannun wani kwamitin gwamnati, don haka mai zuwa yanzu ya tambayi inda aka kwana.

Abin da zan gaya wa mai shirin wannan tafiya bai wuce abin da muka biya kuɗi da kwanaki muka koya ba. Kada ka yi lissafi da yarjejeniya, ka yi da sanarwar makon da kake ciki, ka ji ta daga bakin wanda ya tsallaka kwanan nan, ba wanda ya je kafin yaƙi ba. Mu kanmu abin da muka tarar a 2023 wani ya canza. Takardu a bi su a jere, lamba, fasfo, allura, rahoto, biza, sannan tikiti, domin kowace tana dogara da wadda ta gabace ta, kuskuren suna a ta farko kuma yana bin ka har Abbasiyya. Kwanakin da ka ƙiyasta ka ninka su biyu: mun yi shirin wata ɗaya, muka yi kusan uku kafin Baba ya ga likita, kuma abin da ya ci kuɗinmu masauki da abinci ne a garuruwan jira, ba kuɗin hukuma ba. Maganin majinyaci a saya na wata uku tun daga Bur Sudan, a Halfa ba kowane ake samu ba, mai buƙatar sanyi kuma a nemo masa ƙaramar kula.

Kuɗi kada a tara su wuri ɗaya. Kafin yaƙi dala tana wajen jine 600 na Sudan, ƙarshen 2023 ta haura dubu, wato abin da ke cikin asusunka yana narkewa kana layi. A farkon Fabrairun 2024 kuma layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk Sudan, Bankak ta tsaya, 'yan'uwa a Gadarif suna da kuɗin aiko mana amma babu hanya, mu kuma ga ranar aikin Baba an sa. Abin da ya fitar da mu dala ɗari uku ce da Inna ta ɗinke a cikin ƙugun wandonsa tun a gida, muna mata dariya. Ka raba uku: kaɗan a Bankak don hanya, tsabar jine don shingaye da mashiga, sauran dala, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu a jiki, domin bankin Masar yakan ƙi karɓar tsohuwa.